Sirrin Kwaɓin Tasalla

Ranar da Alhaji Maccido ya aiko kiran Tasalla, tana durƙushe a tsakar gida tana murza kwaɓi da kwalba. Ko hannu ba ta wanke da kyau ba ta yafa gyale ta fito. Tun da Halliru ya faɗa wa uban cewa ita yake so, Alhaji bai sake amsa gaisuwarta da baki ba, sai dai ya ɗaga hannu ya kau da kai.

Kowa a Illela ya san dalili. Alhaji Maccido shi ne mai babban gidan burodin garin, Halliru kuma shi kaɗai ne ɗansa namiji, wanda ya gama karatu a Sakkwato ya dawo yana kula da aikin gidan. Ita kuwa Tasalla 'yar marigayi Yari ce, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hura wa Alhaji wuta a tanda har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Alhaji ya ce ɗansa ba zai auri 'yar yaron gidansa ba, ya kuma ce kada a sake tayar masa da maganar.

Sai ga shekarar 1987 ta zo da abin da ba wanda ya shirya masa. Gwamnati ta hana shigo da alkama, fulawa ta ɓace daga kasuwa. 'Yar wadda ake samu sai an biyo da ita ta bayan gari daga Kwanni ta ƙasar Nijar, ita ma ta hannun Alhaji Dabo, tsohon aminin Alhaji Maccido. Wani mako ta zo, wani mako ba ta zo ba. Manyan tandunan gidan burodi suka riƙa kwana da sanyi, ma'aikata suna zaune a inuwa suna kallon hanya.

Tasalla ita ce ba ta zauna ba. Da can cincin take yi tana sayarwa, da shi take riƙe da kanta da mahaifiyarta, Inna Ramatu. Da fulawa ta gagara, sai ta koma wa 'yar tandar laka da mahaifinta ya gina musu a bayan ɗaki, ta shiga gwaji. Ta ɓata gari mai yawa. Na gero zalla ya ruguje tun kafin ya shiga wuta, na dawa ya fito kamar tsakuwa. A hankali ta gano yadda za ta haɗa gero da shinkafa, ta sa man gyaɗa da gishiri da riɗi, ta murza shi ya yi falen-falen, ta yanka, ta huhhuda da tsinke. Wani kwaɓin kuma ta sa masa yaji da dakakkiyar albasa busasshiya, ta mulmula shi dogo-dogo kamar yatsa.

Ba alkama a ciki, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, shi ya sa yake daɗewa bai canza ɗanɗano ba. Direbobin da ke tafiya Agadas suka fara saye suna cika aljihun mota. Masu shayi suka sa wa mai faɗin suna ƙaras, dogon kuma 'yar sanda. Mata da yawa sun gwada yi a gidajensu, nasu ya ƙi haɗuwa. Akwai abin da Tasalla take sawa wanda ko Inna sai da ta daɗe kafin ta lura.

Da ta amsa kiran, ta iske Alhaji a zaune bisa kujera a ƙofar gidan burodi, da farantin ƙaras ɗinta a gabansa. Halliru yana tsaye can gefe, kansa a ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Yau da baki ya amsa, har ya tambayi lafiyar Inna.

Ya daɗe yana magana. Ya yabi Yari, ya ce bai taɓa samun mai amana kamarsa ba. Ya nuna mata ma'aikatan da ke zaune, ya ce kowanne da mata da 'ya'ya, kuma idan abin ya ci gaba a haka sallamar su zai yi. Sannan ya ɗauki ƙaras ɗaya ya karya, ya ce yana so ta koya wa mutanensa yadda ake yi.



"Ɗiyata," in ji shi, "na san abin da ke ranki. In gidan ga ya tsaya da ƙafafunai ba tare da fulawar Kwanni ba, to maganarku ke da Halliru, mu sake zama a kanta."

Ta ɗago ido kaɗan ta dubi Halliru. Shi ma ita yake kallo, fuskarsa cike da roƙo. Ta ce za ta shawarci Inna, amma tun kafin ta miƙe ta san abin da za ta yi.

Inna Ramatu ba ta yi murna ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta sa Tasalla ta maimaita mata kalmomin Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ji sai ta girgiza kai.

"Bai ce ya ba ku ba. Cewa ya yi a sake zama. Ubanki ya yi shekaru yana jin irin wagga magana a bakin mutumin nan."

Tasalla ta ce ai babba ba ya magana biyu, kuma ko ba don komai ba, akwai abokan aikin Baba da yunwa za ta shiga gidajensu. Inna ta ce ita ba ta hana ba, yarinyar da ta wuce shekara ashirin ta san fari ta san baƙi. Abu ɗaya kawai ta roƙa, ta koya musu komai amma ta riƙe sirrin kwaɓin a hannunta, ta riƙa haɗa shi a gida tana kai musu. Tasalla ta ce to.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ta taɓa gani. Kullum da hantsi tana gidan burodi, tana nuna wa ƙarti yadda ake tankaɗe gari sau biyu, da yadda ake barin kwaɓi ya huta a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ƙyalle, da yadda ake jira wuta ta mutu saura garwashi kafin a tura faranti. Halliru ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu. Bai iya komai ba. 'Yar sandarsa kullum kan ya fi gindin kauri, ran nan kuma ya tsaya kallon ta har faranti guda ya ƙone ƙurmus, ma'aikata suka yi ta dariya. Ba wanda ya ƙara hana su magana. Wani lokaci ma Alhaji yakan wuce ya gan su tsaye tare, ya yi kamar bai gani ba.

Amma haɗin da take kawowa daga gida ba ya isar manyan tanduna. Wata rana bayan azahar Halliru ya same ta ita kaɗai a ɗakin kwaɓi, ya ce Alhaji ya fara ƙorafi cewa tana ɓoye musu wani abu, kuma yana tsoron kada wannan ya ɓata abin da suka fara. Ya ce ai gidan nan gidanta zai zama, mene ne na ɓoyo tsakaninta da gidanta?

Wannan kalmar ce ta karya ta. Ta ɗauko tukunya ta dama talge da garin rogo a gabansa, ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin garin busasshiyar kuɓewa, ta barbaɗa kaɗan a ciki. Ta ce yauƙin nan shi ke riƙe gero ya hana shi rugujewa, kuma da zafinsa ake zuba shi a gari, idan ya huce an yi asara. Ta sa shi ya yi da hannunsa har ya iya. Ba ta faɗa wa Inna ba.

Kafin damina ta tsaya, ƙaras ɗin gidan Alhaji Maccido ya cika kasuwar Lahadi, a ɗaure cikin leda da sunan gidan a jiki. 'Yan canjin kuɗin sefa suna ci, fataken shanu suna saye, 'yan Kwanni suna ɗauka a kwali suna tsallakawa da shi. Masu shayin da ke zuwa ƙofar gidan Inna suka koma can, don ya fi yawa kuma ba a jira. 'Yar tandar bayan ɗaki ta daina ganin wuta. Tasalla ba ta damu ba. Jira take Alhaji ya kira zama.

Wadda ta zo ita ce Gwaggo Hindatu, ƙanwar Alhaji. Ta yi sallama da hantsi, ta zauna a tabarmar da Inna ta shimfiɗa mata, ta sha ruwa, ta yi ta yabon hannun Tasalla. Ta ce mazan nan sun iya, amma nasu bai kai nata laushin baki ba, don haka Alhaji ya ce ita yake so ta tsaya a kan wani aiki na musamman, mai riɗi da yawa, wanda za a cika kwalla da shi a haɗa da goro da alewa.

Inna ta tambaya ko biki za a yi.

"Au, ba ku ji ba?" in ji Gwaggo Hindatu, tana gyara ɗaurin kallabi. "Kayan sa ranar Halliru ne za mu kai Kwanni. Ummu, ɗiyar Alhaji Dabo. Ai tun kafin azumi anka gama magana."

Tasalla tana tsaye da kofin ruwa a hannu. Ba ta yar da shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ji kamar tsakar gidan ta yi nisa, muryar Gwaggo tana zuwa daga cikin rijiya. Tun kafin azumi. Ita kuwa bayan salla Alhaji ya kira ta.

Inna ce ta miƙe. Cikin ladabi ta ce wa baƙuwar ta gaida Alhaji, ta ce masa ɗiyar Yari ba ta da lafiyar tsayuwa a gaban wuta. Ta raka ta har zaure, ta dawo ta karɓi kofin daga hannun 'yarta, ta zaunar da ita. Ba ta ce na faɗa miki ba. Sai da Tasalla ta kifa kai a cinyarta ta ce ta nuna musu kuɓewar, sannan Inna ta rufe ido, hawaye suka zubo mata.

Bayan la'asar Halliru ya zo. Ta ji tsayuwar babur ɗinsa, ta ce ba za ta fita ba, daga baya kuma ta ɗauki gyale. Ta same shi a zaure ya jingina da bango, idanunsa sun yi ja.

Ya fara rantsuwa cewa shi bai taɓa amincewa ba, bai ma taɓa zama da Ummu sun yi magana ba. Ya ce Alhaji yana ganin ƙaras ba zai maye gurbin burodi har abada ba, dole sai da fulawar Kwanni, kuma ya riga ya ba Alhaji Dabo baki, ba zai iya janyewa ba. Ya ce yana ta neman hanya, ya je wurin limami, ya je wurin kawunsa. Ta bar shi har ya gaji.

"Abu ɗaya nike son in sani," ta ce. "Ranar da na dama maka talge, ka san da wannan magana?"

Ya fara wata rantsuwar, ta katse shi.

"Halliru, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na ji ƙishin-ƙishin. Na ɗauka in aikin ya yi kyau Alhaji zai sake tunani. Na rantse miki da Allah, abin da na ɗauka ke nan."

"Ka ji, kuma ka dube ni ka ce gidan nan gidana ne."

Nan ne kukan ya ƙwace mata. Ta toshe baki da gefen gyale don kada maƙwabta su ji, kafaɗunta suna rawa. Ya matso, ta ɗaga masa hannu ya tsaya inda yake.

"Da Alhaji ne kaɗai ya yi mani, da na haƙura. Shi bai taɓa cewa yana so na ba. Amma kai mi na yi maka? Ban roƙe ka komi ba. Abu ɗaya gare ni a duniya wanda na samu da kaina, da shi nike ciyar da uwata, ka miƙo hannu na ɗora maka. Da ka faɗa mani gaskiya, wataƙila da na ba ka duk da haka, don ma'aikatan nan. Amma da na bayar ina sane."

Shi ma hawaye yake. Ya ce tsoro ya ji, tsoron kada ta ji ta rabu da shi. Ya ce ta ba shi lokaci kaɗan, zai tsaya a gaban Alhaji ya faɗa masa ba ya yi.

"Ni da nike son ka ba ka iya buɗe baki ka faɗa mani gaskiya ba," ta ce, tana share fuska. "Alhaji za ka iya? Tahi gida, Halliru. Allah shi ba ku zaman lafiya kai da ita. Ita ba ta yi mani laifin komi ba."

Ta shige gida. Ya daɗe a zauren kafin ta ji babur ya tashi.

Zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta tashi ta gwada hura 'yar tandarta, ta yi faranti biyu ta aza a ƙofar gida, har yamma ba wanda ya taya. Duk garin ya ji labari. Idan ta je rijiya mata su yi shiru, idan ta juya baya su ci gaba. Wasu suna tausayinta, wasu suna cewa ita ta kai kanta inda ba a kai ta ba. Halliru bai sake zuwa ba, bai kuma aiko ba. Abin da kawai take ji shi ne ana ta shirin tafiya Kwanni.

A cikin wannan hali Kawu Na'Allah, yayan Inna, ya zo daga Kalmalo. Ya zauna da ƙanwarsa suka daɗe, sannan aka kira Tasalla. Ya ce ɗansa Junaidu ya daɗe da ita a ransa, tun suna yara da take zuwa hutu, amma da ya ga hankalinta yana wani wuri sai ya kama bakinsa. Manomin albasa ne, yana kuma taɓa kamun kifi a tafki, ba shi da mata, ba shi da abin kunya. Kawu ya ce ba dole, shi bai zo da dole ba, ta yi tunani.

Bayan ya fita Inna ta kama hannunta. Ta ce ita ta tsufa, kuma ta gaji da ganin jinin Yari yana ƙarewa a ƙofar gida ɗaya. Ta ce uban ya ba su ƙirjinsa, ɗiyar ta ba su sana'arta, kada ta ba su sauran shekarunta tana jiran abin da ba ya zuwa. Tana magana tana kuka, abin da Tasalla ba ta gani ba tun rasuwar mahaifinta sai a 'yan kwanakin nan.

Tasalla ta san Junaidu. Mutum ne mai shiru, wanda idan ya zo Illela yakan ajiye musu kifi ya gaida Inna ya tafi, ko zama ba ya yi. Ba ta jin komai game da shi, amma ba ta taɓa jin ya yi ƙarya ba. Da kanta ta ce wa Inna ta amince. Aka aika wa dangin mahaifinta a Araba, suka karɓi goro, aka yi addu'a, aka raba. Junaidu ya zo sau ɗaya ya gaishe ta a zaure. Ya ce ya san ba shi ne a ranta ba, ba kuma zai matsa mata ba, kuma idan tana so zai gina mata tanda a Kalmalo. Ta yi masa godiya, ta koma ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Ranar da aka ce za a kai kaya Kwanni ta tashi da nauyin jiki. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka, ta sake share inda ta share. Rana ta ɗaga sosai sai ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Ta san ƙarar. Ta ce a ranta ba shi ba ne, sai ga sallamarsa.

Yana tsaye a bakin zaure da shaddar da aka ɗinka masa don ranar, ba hula. A bayan babur an ɗaure jakar tufafi da igiya. Fuskarsa ta faɗa, amma idonsa yana haske irin wanda ba ta taɓa gani ba.

Ya ce ya yi. Motoci sun riga sun jeru, an ɗora kwalla da huhun goro, baffanninsa duk suna zaune, ya je ya durƙusa a gaban Alhaji ya ce a yafe masa, ba zai auri Ummu ba, kuma abin da aka yi wa ɗiyar Yari zalunci ne, da hannunsa a ciki. Ya ce Alhaji bai daka masa tsawa ba. Makullan gidan burodi kawai ya ce ya ajiye, ya ce kuma kada rana ta faɗi yana gidansa. Mahaifiyarsa ta riƙe masa riga tana kuka, ya ɓamɓare hannunta ya fito.

"Ba ni da komi yanzu, Tasalla. Ba gida, ba aiki, ba uba. Amma na buɗe bakin da kika ce ba ni iyawa. Ki ce mani in tahi Araba wurin danginki, yau ɗin nan in tahi."

Ta dafa bango. Wannan ita ce maganar da ta yi ta roƙon Allah ta ji, a kan sallaya, a gaban tanda, a kan hanyar rijiya. Ga ta ta zo, a lokacin da ba ta da inda za ta sa ta.

"Mi ya hana ka aiko?" ta ce, muryarta da ƙyar take fita. "Ko kalma ɗaya. Ko ka ce in jira."

Ya ce ya rantse wa kansa ba zai sake zuwa mata da alkawari ba sai da aiki. Ya ce kunya ce ta hana shi.

"An karɓi gorona, Halliru. An ba da ni ga Junaidu ɗan Kawu. Ba wanda ya tilasta mani, ni na ce na yarda."

Ya dube ta kamar bai fahimci Hausar ba. Sannan a hankali ya sulale ya zauna a dakalin zaure, ya riƙe kai da hannu biyu. Ta tsaya a kansa tana kuka, ba ta iya taɓa shi, ba ta iya tafiya. Ya ce goro ba aure ba ne, ana mayarwa. Ya ce zai je ya kwanta a gaban Kawu Na'Allah, zai yi dako a kasuwa, zai gina mata tanda da hannunsa. Ta ce Inna fa, da wane ido za ta dube ta? Da wane ido za ta dubi mutumin da ya zo ya rufa mata asiri lokacin da gari ke yi mata dariya?

"Ba Inna nike tambaya ba," ya ce, ya ɗago jajayen idanunsa. "Ke nike tambaya. Ki dube ni ki ce ba ki so na, in tashi."

Wani ya yi gyaran murya a waje. Junaidu ne, tsaye kusa da kekensa, da ƙullin kifi a hannu. Ba su san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta nuna ya ji abin da ya ishe shi. Ya yi sallama a hankali, ya miƙa wa Halliru hannu, Halliru ya karɓa ba tare da ya dube shi ba.

"Ki ba shi amsa, Tasalla," in ji Junaidu. "Kada ki ji nauyina. Ni ma ina son in ji."

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Daga cikin gida tana jin motsin Inna a bayan ƙofa, ta san ita ma saurare take. Tasalla ta juya wajen Halliru.

"Halliru, ka koma ka ba Alhaji haƙuri. Ka koma don mahaifiyarka. Ni na riga na ba da magana, kuma na san zafin a ba mutum magana a janye. Ba ni yi wa wani."

Halliru ya miƙe kamar tsoho, ya kakkaɓe shaddarsa, ya hau babur. Sai da ya buga sau da yawa kafin ya tashi. Da ya kai bakin titi bai juya wajen gidansu ba, ya miƙe kudu, hanyar Sakkwato. Tasalla ba ta san ta fito daga zaure ba, ba ta san gyalenta ya zame ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallo har ya shige bayan motocin tasha, ta ci gaba da kallon wurin da ya ɓace.

Junaidu ya ajiye kifin a kan dakali. Ya ɗauko gyalen daga ƙasa ya kakkaɓe, ya miƙa mata, ya jira har ta juyo.

"Na ji abin da kika ce, kuma na gode," ya ce. "Amma na ga inda kike kallo. Ban iya kai ki Kalmalo a haka. Bari in koma in yi magana da Baba."

Ta kira sunansa, bai tsaya ba. Ya tura kekensa ya hau, ya bi hanyar tafki. Inna ta leƙo daga zaure, ta dubi hanyar kudu, ta dubi hanyar Kalmalo, sannan ta dubi 'yarta da ke tsaye ita kaɗai a rana.

"Shigo ciki," ta ce. "Mutane na kallo."